Taikwando da Kare Kai: Inda Yake da Ƙarfi da Inda Yake Neman Kokawa

  

Batun wannan lacca da aka gabatar a Birnin Yauri shi ne wasan taikwando, da tambayar da iyaye da matasa suke yawan yi a kansa: shin wanda ya koye shi zai iya kare kansa ranar da aka tare shi? In kuma aka ɗora shi a sikeli ɗaya da dambe da kokawa da judo da kareti, ina zai tsaya? Za a bi maganar ne a gaɓoɓi shida.

Na farko: asalin wasan

Taikwando ɗan ƙasar Koriya ne, kuma sunansa kalmomi uku ne aka haɗa: ta farko tana nufin shuri da ƙafa, ta biyu dunƙulen hannu, ta uku hanya ko tarbiyya. Ba tsohon wasa ba ne kamar yadda ake zato. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, kuma da yawa daga cikin malaman da suka buɗe makarantun faɗa a Seoul bayan tafiyar Japanawa, kareti suka fara koya. A 1955 aka zaɓi sunan taikwando, kuma wani janar na soja, Choi Hong Hi, shi ne ya fi kowa tsayawa a kan wannan suna. Daga baya gidan ya rabu biyu. Choi ya kafa ƙungiyarsa ta duniya, ITF, a 1966. A Koriya ta Kudu kuma aka buɗe cibiyar Kukkiwon a 1972, aka kafa wata ƙungiyar ta duniya a 1973, wadda tun 2017 ake kira World Taekwondo. Wannan ɓangare na biyu shi ne ya shiga Olamfik, an nuna shi a Seoul a 1988 da Basalona a 1992, sannan aka fara ba da lambobinsa sosai a Sidni a shekarar 2000. Shi ne kuma irin da aka fi koyarwa a Nijeriya da Nijar.

Yammacin Afirka ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya tagulla a Beijing a 2008. A Rio a 2016 Cheick Sallah Cissé na Kodibuwa ya ci zinare da shuri ɗaya a daƙiƙar ƙarshe. A wannan gasar ce Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a rukunin masu nauyi, lambar Olamfik ta biyu a tarihin ƙasarsa, bayan tagullar da Issaka Dabore ya ci a damben zamani a 1972. Shekara ɗaya bayan Rio, Alfaga ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya. Maƙwabci ne, kogi ɗaya muke sha da mutanen Yamai.

Na biyu: abin da taikwando yake bai wa mai koyonsa

Babbar dukiyarsa ita ce sanin tazara. Ƙafa ta fi hannu tsawo, ta kuma fi shi ƙarfi, saboda haka duk karatun ɗan taikwando yana kan taku ɗaya ne: ya san inda abokin karawa zai iya taɓa shi, da inda ba zai iya ba. Wanda ya taɓa kallon ƙwararru biyu zai ga suna ta tsalle-tsalle a kan yatsun ƙafa, wannan ya matso, wancan ya ja baya daidai gwargwadon matsowar, ba ƙari ba ragi. Wannan auna tazara ba ƙaramin abu ba ne a titi. Mutumin da ya saba da ita, kafin mai tsokana ya kai hannu wuyan rigarsa, jikinsa ya riga ya ja.

Akwai kuma shuri biyu ko uku da suke da amfani a wajen fili. Shurin gaba, wanda ake ɗaga gwiwa a tura tafin ƙafa cikin ciki ko mara, yana ture mai kawo hari ya buɗe hanyar gudu. Shurin gefe yana tsayar da wanda ya taho a guje. Shurin baya, mai kama da harbin doki, yana cikin mafi nauyi a duk wasannin faɗa. Ga juriya da numfashi, ga saurin ido, ga sabawa da a kawo wa mutum duka bai runtse ba. Yawancin waɗanda ba su taɓa horo ba, abin da yake kayar da su a minti na farko ruɗewa ne, ba rashin ƙarfi ba. Wanda ya yi shekara biyu ana kai masa shuri da gaske a wurin atisaye, zuciyarsa ba ta saurin tsinkewa.

Tsayuwa a ƙafa ɗaya kuwa, yaran nan ba baƙinta ba ne. Duk wanda ya yi langa a dandali, ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana ture abokan hamayya don ruwa ya kai masha, ya riga ya shiga ajin farko.

Na uku: giɓin da dokar gasa ta bari

A nan ne ya kamata a dakata, domin a nan amsar tambayar take. Kowane wasan faɗa ɗan dokarsa ne. Abin da doka ta ba wa maki, shi ake kwana ana maimaitawa; abin da ta hana, jiki yakan manta da shi.

A dokokin da aka yi gasar Olamfik ta Tokyo da su, naushi a ƙirji maki 1 ne. Shuri a ƙirji 2, shuri a kai 3. In an juya aka yi shurin, a ƙirji 4 ne, a kai 5. Naushi a fuska haramun ne. Shuri ƙasa da ƙugu haramun ne. Riƙo haramun ne. Wanda ya faɗi, alƙali zai tsayar da wasa ya tashi. Ana yi ne a kan shimfiɗa mai laushi, ba takalmi, da sulken ƙirji mai na'urar ƙirga maki, da hular kariya, turmi uku na minti biyu-biyu, tsakanin mutum biyu masu nauyi ɗaya.

To, wane ɓatagari ne zai bi wannan doka? Faɗan titi da me yake farawa? Da cin kwala, da mari, da naushi a fuska, da rungumo daga baya. Wato abubuwan da dokar gasa ta cire su ne ainihin abin da ake fara kawowa. Ɗan wasan da ya saba sauke hannuwa a gefen cinya, domin ba wanda zai naushe shi a haɓa, haka zai sauke su ranar da ba alƙali.

A ɗauko maganar a kawo ta gida. A ce ranar kasuwa ce, a bakin ruwa inda jirage suke sauke kaya. Ƙasa laka ce mai santsi, ga ƙayar kifi da ɓawon albasa, ga buhuna an jibge, ga mutane kafaɗa da kafaɗa. Saurayi yana sanye da doguwar riga har gwiwa da silifa. Aka zo ƙwace masa waya. Ya ɗaga ƙafar dama zai kai shuri a kai, kamar yadda aka koya masa don neman maki uku. A wannan lokacin duk nauyinsa yana kan ƙafar hagu ɗaya, cikin silifa, a kan laka, rigar kuma ta riƙe masa cinya. Ko ba a taɓa shi ba, yana iya zamewa. In kuwa wanda ya tare shi ya taɓa shiga kokawa ko sau biyu ne, cafe ƙafar zai yi, ya ɗaga, shi ke nan. A cikin kwalekwale ko a bayan mota ko a lungu mai faɗin kamu uku, maganar shuri ma ba ta taso ba.

Adalci ne a faɗi cewa taikwando ya fi gasarsa faɗi. A manhajarsa akwai sashen da Koriyawa suke kira hosinsul, wato dabarun kuɓuta daga riƙo da shaƙa, akwai duka da gwiwar hannu da gefen tafi. Ɓangaren ITF ma yana barin naushi a fuska a gasarsa. Matsalar ita ce, makarantar da idonta yake kan lambar yabo, wannan sashe a ƙarshen darasi take taɓa shi, a hankali, da abokin atisayen da ya riga ya yarda zai faɗi. Dabarar da ba a taɓa gwada ta a kan mai turjiya ba, ba a san ko tana aiki ba. Haka fasa katako da ake yi a bukukuwa: yana nuna ƙarfin duka da tattara hankali, amma katako ba ya kaucewa, ba ya ramawa.

Na huɗu: a jera shi da sauran

Damben gargajiya, wanda aka san mahauta da shi tun da, yana da abin da taikwando na gasa ya rasa: ana dukan fuska, da gaske. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, shi ne mashinsa, ɗayan kuma a buɗe yana kare kai yana auna tazara. Ana barin shuri. Turmi uku ake yi, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Wanda ya fito daga wannan fage ba ya tsoron naushi. Sai dai hannu ɗaya ne yake bugu, kuma kuɗin makarantar da tsada: haƙora da ido da ƙwaƙwalwa ake biya. Sunayen da suka yi fice, irin su Shago wanda Ɗan Anace ya waƙe, kowa ya san su. Waɗanda suka ƙare da rawar hannu da mantuwa ba a cika ambatonsu ba. Damben zamani, wanda ya fitar da zakarun duniya Hogan Bassey a 1957 da Dick Tiger a 1962, ya fi kowane wasa koyar da kare fuska da aiki da hannu biyu. In cikin wata shida ake son mutum ya iya wani abu da hannunsa, babu kamarsa. Amma shi ma da an rungume shi karatunsa ya ƙare.

Kokawa ce take ɗauka daga nan, kuma ƙasar Yauri ba ta buƙatar a aro mata ita daga ko'ina. Gungawa sun yi suna da kokawa tun suna tsibiran kogin Kwara, kafin madatsar Kainji ta cika a 1968 ruwa ya tashe su zuwa sababbin matsugunai. Har wani masani Ba'amurke, Frank Salamone, da ya yi bincike a Yauri a shekarun 1970, ya yi rubutu a kan kokawar Gungawa da yadda take bambanta su da maƙwabtansu. A bikin kamun kifi na Argungu ana kokawa ana dambe. A Nijar kuwa kokawa ce sarauniyar wasanni, ana gasar takobi tun 1975, kuma sunan Issaka Issaka na Dosso ya tsallako iyaka.

Me ɗan kokawa ya sani? Ya san nauyin mutum. Da ya ɗora hannu a kafaɗar abokin karawa, ya ji ƙafar da aka jingina a kai. Ya iya rage tsawo ya ware ƙafafu ya kafe kamar turke. Ya iya ƙwace hannu daga riƙo, ya iya taɗiya, ya iya ɗauka. Mafi muhimmanci, ya iya hana a kai shi ƙasa, domin dokar wasansa ita ce duk wanda ya taɓa ƙasa ya faɗi. A faɗan gaske wannan ita ce dabarar da ta fi kowace tsada, saboda wanda ya faɗi a cikin mutane uku, ƙafafunsu ne za su ƙarasa shi. Kuma kokawa ba a koyonta da iska. Tun ranar farko da mai turjiya ake yi, a kan yashi, cikin gumi. Rauninta shi ne ba ta san naushi da shuri ba, kuma da an yi kaye ta tsaya.

Judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, ƙanwar kokawa ce mai riga. Da kwala da hannun riga ake kaye, abin da ya dace ƙwarai da mutanen da suke sa manyan kaya. Tana kuma koyar da faɗuwa ba tare da an fasa kai ko an karya hannu ba, wanda ko ɗan acaɓa zai amfana da shi. Kareti ɗan'uwan taikwando ne na jini, hannu ya fi yawa a cikinsa, amma ƙarfinsa ya danganta da ko makarantar tana barin a gwabza da gaske. Damben Tailan yana da gwiwa da gwiwar hannu da shuri a cinya, ya fi su duka cika a tsaye. Jiujitsun Burazil ya ba duniya mamaki a Nuwamba 1993, lokacin da Royce Gracie ya lashe gasar UFC ta farko a Amurka ta hanyar kai ƙattan da suka fi shi jiki ƙasa ya shaƙe su. Tun daga ranar masu koyar da faɗa suka yarda cewa wanda bai san riƙo ba rabin ilimi gare shi. Kamaru Usman, ɗan asalin Auchi, da kokawa ya gina sarautar da ya ci a UFC a 2019. Amma kwanciya a ƙasa a shaƙe mutum ɗaya dabarar fili ce. A titi, abokinsa yana tsaye a kanka.

Hukuncin wannan lacca ke nan: in kare kai kaɗai ake nufi, taikwando na gasa shi kaɗai ba ya gaban damben zamani, ba ya gaban kokawa ko judo. Ya fi su a nesa, sun fi shi a kusa, kuma yawancin rigima a kusa take ƙarewa. Amma saurayin da ya taso yana kokawa a yashin bakin kogi, sannan ya ƙara da taikwando, aka kuma koya masa ɗaga hannu ya kare haɓa, ya haɗa abin da mutanen wasu ƙasashe suke biyan makarantu uku kafin su samu. Kuskuren da ake gudu shi ne yaro ya sa farin kaya da bel, ya fara raina kokawar kakanninsa yana ce mata wasan ƙauye.

Na biyar: makami da taron dangi

Wannan gaɓa gajera ce amma dole a faɗe ta a wannan gari. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo hannun iyayensu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sanyaya zukatan iyalai. Babu baƙin bel, babu zakaran dambe, babu gwanin kokawa da zai tsaya gaban bindiga. Tsaron irin wannan rana nauyin hukuma ne. Duk malamin da ya ce zai koya wa yaro ƙwace bindiga ko wuƙa a darasi uku, yana wasa da ran yaron ne, kuma haka yake ga wanda ya ba shi laya ya ce ƙarfe ba zai ci shi ba. Wuƙa ko a hannun yaro ƙarami tana kisa. Sarkin yawa kuma ya fi sarkin ƙarfi. In waya ake nema a miƙa ta. In hanya ta buɗe, ƙafa me na ci ban ba ki ba. A nan ma taikwando yana da rana, domin ɗalibinsa yana da numfashin gudu, kuma shuri ɗaya a gwiwa ko a mara ya isa ya saya masa taku biyar.

Tunda maganar tsira da rai ake yi, wata ɗaya bai cika tsakanin wancan harin da wani abu da ya riga shi ba: a ƙarshen Mayu 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara da mutane masu ɗimbin yawa. Ga ɗan bakin tafkin Kainji, iya iyo da sa rigar ruwa suna cikin kare kai, kuma sun fi shurin kai kusa da bukatarsa ta yau da kullum.

Na shida: mata, addini, shari'a, da zaɓen malami

Iyaye sukan tambaya ko 'ya mace za ta iya. Za ta iya, kuma taikwando yana cikin wasannin da suka fi sauƙi a gare ta, domin kayansa suna rufe jiki, an yarda da ɗankwali a ƙarƙashin hular kariya, kuma ba a cakuɗa jiki kamar kokawa. Hedaya Malak ta Masar da lulluɓinta ta ci tagulla a Rio, ta sake ci a Tokyo. Elizabeth Anyanacho ta wakilci Nijeriya a Tokyo da Faris. Sai dai abin da yake samun mace galibi riƙo ne, na hannu ko mayafi ko wuya, kuma sau da yawa daga wanda ta sani. Saboda haka ajin mata, wanda ya fi kyau mace ta jagorance shi, ya kamata ya ba da rabin lokacinsa ga ƙwace hannu, da ɗaga murya, da shuri ƙasa-ƙasa wanda zani ba zai hana ba.

Ta fuskar addini, malamai sun san kokawa a cikin wasannin da aka yi tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu biyu ne sukan ja hankali a kai: dukan fuska, da sunkuyawar gaisuwa da ake yi wa malami da abokin karawa. Wannan gaisuwa al'adar Koriya ce, kuma malamin ƙwarai ba zai ƙi a musanya ta da musabaha ba in iyaye suka nema.

Shari'ar ƙasa ta amince da kare kai. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ambace shi, dokar Penal Code ta Arewa ma ta tanade shi, amma da sharaɗi: kada ƙarfin da aka yi amfani da shi ya wuce abin da ake buƙata don kawar da cutar. Wanda ya kayar da ɓarawo, ya ci gaba da tattaka shi bayan ya daina motsi, ya tashi daga mai kare kai ya koma wanda ake tuhuma. Shurin ƙwararre a kai yana iya kisa, in ba shurin ba, to faɗuwar ƙeya a kan kwalta. Shi ya sa kamun kai yake cikin ginshiƙai biyar da Choi ya shimfiɗa wa ɗalibansa, tare da ladabi da gaskiya da juriya da rashin karaya.

Malami kuwa ya fi sunan wasa muhimmanci. Uban da zai kai ɗansa, ya je ya zauna ya kalli darasi ɗaya. Shin ɗalibai suna gwabzawa da kayan kariya, ko iska kawai suke duka? Ana koya musu ɗaga hannu? Ana taɓa riƙo da faɗuwa? Manya suna cin zalin ƙanana da sunan horo? Malamin yana da shaidar ƙungiyar wasan ta jiha ko ta ƙasa? In aka ce baƙin bel a wata shida, a ɗauki yaro a tafi, domin a makarantar kirki shekaru ake ɗauka. Inda kuma babu malamin taikwando kusa, kamar yadda yake a ƙauyuka da yawa na Ngaski da Shanga, ba a yi asara ba: akwai tsofaffin 'yan kokawa a raye, akwai yashi, akwai filin makaranta da za a iya gudu a kai kowace safiya.

A nan laccar ta tsaya.  A cikin zauren nan akwai tsofaffin 'yan kokawa da 'yan dambe da suka san fili da jikinsu, gyaransu abin maraba ne. Fili a buɗe yake ga masu tambaya.